Abdu Mumuni, Ɗan Tasawa: Malamin Lise Da Ya Nemi Sa Rana Aiki

Wannan shi ne jawabin da wani tsohon malamin lakwal, haihuwar Tasawa, ya yi gaban taron makiyaya da fataken dabbobi. Mun buga shi yadda ya fito daga bakinsa.



Ardo-ardo, rugga da garso, dattawanmu, iyayenmu mata, dillalai da fatake da kuka bar kasuwa kuka zo, ina gaishe ku da hanya, ina gaishe ku da zaman haƙuri. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raba dabbobinmu da ciwo.

An ce in zo in yi magana a kan wani malamin lakwal. Da aka gaya mini sai na ce to, an ɗora mini kaya, don na san abin da kalmar lakwal take tayarwa cikin zuciyar makiyayi. Kun san nan Nijar yara suna ce ma malaminsu na lakwal mushe, daga kalmar da Faransawa suke girmama namiji da ita. Ranar da na koma gida hutun farko, na ce ma mahaifina, Allah ya ji ƙansa, mushenmu yana gaishe shi. Ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, ashe wata tara gaban mushe ka zauna? Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana sayen shanu yana kora su kudu, ba sai na gaya muku abin da mushe yake nufi gare shi ba. Kuma ba wasa kaɗai yake yi ba. A ganinsa yaron da aka kai lakwal ya fita daga lissafin garke, kamar saniyar da ta faɗi ba a kai ga sa mata wuƙa ba.

Malamin da zan ba ku labarinsa, sunansa kun sha jin shi a rediyo: Abdu Mumuni Joffo. Jami'ar Yamai sunansa take ɗauke da shi, har yaran yanzu da yawa suna jin Abdu Mumuni kamar sunan unguwa ne ko sunan gini. To, mutum ne, kuma kafin ya zama komi malamin lise ne mai alli a hannu. Ni ban zauna ajinsa ba. Shekarar da yake koyarwa a lise ta Yamai ina bayan awaki da ɗan sandana. Amma na koyar da ilimin da ya koyar har na yi ritaya, na kuma karanta littafinsa tun ina saurayi, na sake karanta shi da furfura.

An haife shi a Tasawa ran 26 ga Yuni 1929. Asalin gidansu Kirtashi ne, can bakin kogin Kwara, ƙasa da Yamai, shi ya sa in mutanen yamma suka ce nasu ne ba mu yi musu gardama, sai dai mu tuna musu inda aka binne cibiyarsa. Ku riƙe wannan shekara ta 1929 ku auna ta da wata. A 1899, shekara 30 cif kafin haihuwarsa, ayarin sojan Faransa na Voulet da Chanoine ya ratsa ƙasar Hausa yana ƙone garuruwa, ya yi ɓarnar da har yau ba a manta ba a Birnin Ƙonni, kuma nan kusa da mu, a Maijirgi, tafiyarsu ta ƙare, sojojinsu suka juya musu suka kashe su. Wato lokacin da aka raɗa ma Abdu suna, waɗanda suka ga hayaƙin nan da idonsu suna nan da ransu, suna zaune a zaure. Lakwal kuwa ta mutanen da suka zo da wannan hayaƙi ce. Saboda haka in kun ji an ce iyayenmu suna ɓoye yara cikin rumbu in an zo ɗaukar ƴan lakwal, ko sarakuna suna ba da ƴaƴan bayinsu a madadin nasu, kada ku ce duhun kai ne. Suna da dalili.

Shi dai an sa shi. Ya fara a Damagaram, ya wuce Yamai, daga nan aka tura shi Senegal, makarantar William Ponty da ke Sebikotan, bayan birnin Dakar. Wannan makaranta ita ce turken da Faransa take ɗaure zaɓaɓɓun yaran Afirka ta Yamma duka. Jori Hamani, Bubu Hama, Jibo Bakari, Modibo Keita na Mali, duk can suka sha ruwa, duk kuma da aikin malanta suka fara. Sai dai makarantar tana da rufi a bisa kanta. An gina ta ne don ta fitar da malamin firamare, da akawu, da mai taimaka ma likita. Takardarta ba ta kai ta Bafaranshe daraja ba, ko da kai ka fi shi kai. Abdu Mumuni bai tsaya ƙarƙashin rufin nan ba. Ya ci bakaloreya, ya tafi Paris, ya shiga ilimin fizik.

Bari in tsaya in faɗi mene ne fizik, don kada sunan ya tsorata kowa. Ilimin zafi ne da sanyi, da haske, da nauyi, da motsi, da wutar lantarki. Me ya sa ruwan salka yake yin sanyi in ka rataye ta a iska, alhali ruwan jarkar roba yana zama kamar na wanka? Don fata tana tsattsafo da ruwa kaɗan kaɗan, iska tana busar da shi, kuma duk ɗigon da ya bushe yana tafiya da zafi. Randa ma haka take yi. Me ya sa baƙar saniya take riga fara neman inuwa? Don baƙi yana shan hasken rana, fari yana mayar da shi. Kun san wannan tun kafin a haife ni. Abin da fizik ya ƙara shi ne awo: nawa ne zafin, cikin minti nawa, a kan fili mai faɗin nawa. In ka iya auna abu, ka iya ƙera abin da zai yi maka aiki da shi.

A 1956, yana da shekara 27, ya ci jarrabawar da Faransawa suke kira agregasiyo. Ba jarrabawa ce ta wanda ya kai rabi ya wuce ba. Gasa ce, kujeru ƙidayayyu ne kowace shekara, kamar a ce za a zaɓi bijimi goma cikin kasuwar da ta cika ta batse, kuma masu takarar ƴaƴan Faransa ne da suka tashi da harshen tun daga nono. Shi ne baƙar fatar Afirka na farko da ya ci ta a fannin fizik. Shekarar nan kuma Jozef Ki-Zerbo, mutumin ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso, ya ci ta a fannin tarihi. Ku riƙe sunansa, za su sake haɗuwa. Abin lura shi ne ita wannan babbar takarda, aikin da take ba mutum shi ne koyarwa a lise. Saboda haka daga Paris aji ya nufa. Aka tura shi lise Van Vollenhoven ta Dakar, wadda yau ake kira Lamin Gey, ya yi shekara biyu, daga 1956 zuwa 1958, da albashi mai kyau da hanyar ci gaba shimfiɗe a gabansa.

Nan ne wurin da nake so ku kasa kunne sosai, don a ganina nan aka san ko shi wane ne.

Ran 28 ga Satumba 1958 Janar Dagol ya sa aka yi ƙuri'a a ƙasashen da Faransa take mulki: i, a zauna tare da Faransa, ko a'a, a rabu nan take. Nan Nijar Jibo Bakari da Sawaba sun yi kiran a ce a'a, amma i ta rinjaya. Ƙasa ɗaya tak ta ce a'a, ita ce Gini ta Seku Ture, ta kuma ɗaga tutarta ran 2 ga Oktoba. Faransa ta yi fushi, ta janye ma'aikatanta cikin ƴan makonni, likitoci da injiniyoyi da malamai, har kayan aiki aka kwashe, wasu aka lalata. Lokacin buɗe makarantu ne. Yara suka zo, ga benci ga allo, babu mai tsayawa gaba. Sai wasu ƴan Afirka masu ilimi, daga ƙasashe dabam dabam, suka ce ba za a bar azuzuwan nan su mutu ba. Ki-Zerbo ya tafi. Abdu Mumuni ya bar Dakar ya tafi, ya kama alli a lise ta Donka cikin Konakiri. Sun san sarai cewa wanda ya yi wannan tafiya ya jefa aikinsa na hukumar Faransa cikin haɗari, da duk abin da ya sha wahalar tarawa.

Ku ne za ku fi kowa gane nauyin wannan. In maƙwabci ya rasa garkensa a fari, akwai masu zuwa su yi masa jaje su koma gida, akwai kuma wanda zai kwance karsana daga turkensa ya kai masa ya ce riƙe har ta haihu maka. Fulani suna da suna ga wannan al'ada, habbanaye. Shi ba shi da karsana, abin da ya mallaka shi ne iliminsa da ƙuruciyarsa, su ya kai. Ba kuma rana ɗaya abin ya faɗo masa ba: tun yana ɗalibi yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar ɗaliban baƙar Afirka a Faransa, yana kuma cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar PAI mai neman ƴanci a 1957.

Bayan Gini ya dawo gida, ya koyar a lise ta Yamai daga 1960 zuwa 1961. Ku tuna halin da ƙasar take ciki ranar da ta sami mulkin kai, 3 ga Agusta 1960: cikin yara 100 da suka isa shiga lakwal, waɗanda suke ciki ba su kai 5 ba. Yaron da ya kai lise kuwa, kamar ruwa ne a tafkin watan bazara. Mafi yawan masu koyarwa a manyan azuzuwa Faransawa ne. To ku yi tunanin yaron da ya fito daga Tanut ko Dakwaro ko Gure, wanda tun shigarsa lakwal ake nuna masa cewa ilimin kimiyya abin Turawa ne, ranar nan ya ɗaga kai ya ga ɗan ƙasarsa tsaye gaban allo, da takardar da ta kai ta kowane Bature a gidan. Ko bai buɗe baki ba ya riga ya koyar da darasi guda.

Bai daɗe a Yamai ba. Ra'ayinsa na siyasa da na gwamnatin wancan lokaci ba su sha ruwa a komi ɗaya ba. Ya tafi Tarayyar Sobiyet ya ƙaro ilimi a kan ƙarfin rana, daga nan a 1964 ya sauka Bamako, inda ya koyar a babbar makarantar horon malaman lise, ya kuma kafa ma ƙasar Mali ɗakin bincike na ƙarfin rana. A 1967 ya sami babban digirinsa na dokta a Paris.

A wannan shekara ta 1964 littafinsa ya fito a Paris, mai suna L'Éducation en Afrique, wato tarbiyya da ilimi a Afirka. An juya shi zuwa Ingilishi a 1968, an sake buga shi a 1998. Saboda wannan littafi na yarda na zo gabanku, don rabin abin da ke cikinsa ƙararku ce, wani ya shigar da ita tun kafin a haifi da yawa daga cikinku.

Ya fara ne da abin da masu lakwal suka saba tsallakewa, ya nuna cewa kafin zuwan Turawa muna da hanyar renon yaro mai tsari, wadda take tafiya da shekarunsa, ba ta kuma rabuwa da aikin da gidansu yake ci da shi. Ku dubi naku. Yaro yana fara da tsaron maruƙa kusa da ruga. In ya ƙara girma a ba shi awaki da tumaki. Kafin gemu ya fito masa ya san kowace saniya da sunanta da uwarta da kakarta, ya san ciyawar da take ƙara nono da wadda take kumbura ciki, ya san ƙaiƙayin ƙarangiya, ya iya duban sawu ya ce garke nawa ne ya wuce kuma yaushe, ya iya bin taurari da dare. Yarinya ta iya tatsa da kaɗa mai da cinikin nono da lissafin canji ba tare da takarda ba. Ba a ba shi satifika, amma ba wanda ya gama wannan makaranta ya zauna yana jiran gwamnati ta ɗauke shi aiki. Abdu Mumuni bai ce a koma jiya ba, shi da ya san lissafin taurari da alƙalami. Ya dai ce wannan tarbiyya tana da abin da lakwal ta rasa.

Sa'an nan ya juya kan lakwal ta Turawa, ya kwance ta gaɓa gaɓa da shekaru da alƙaluma, ya nuna an yi ta ne don a sami ƴan tsiraru masu taya mai mulki aiki, tafinta da akawu da makamantansu, kuma babbar igiyar da take jan yaro da ita daga gidansu ita ce harshe. Wannan na ɗanɗana da bakina. A lakwal ɗin da na yi, ba zan faɗi sunanta ba, akwai wani abu da ake kira sambol, wani ɗan ƙashi ne da aka huda aka sa ma zare. Duk wanda aka ji ya yi Hausa ko Fulatanci, sai a rataya masa, shi kuma ya dinga laɓe yana sauraren ƴan uwansa don ya sami wanda zai miƙa ma. Wanda ya kwana da shi, bulala. Na yi shekara biyu ina rera abin da ke kan allo kamar aku, ban san me nake cewa ba. Yaro mai kai da yawa ya gudu a wannan shekara biyun, aka rubuta a takarda wai ba ya da ƙoƙari. Ɗaya daga cikinsu yau yana loda tireloli na shanu zuwa kudu, yana lissafin sefa da naira a ka kafin mai na'ura ya gama danna tasa.

Maganin da littafin ya kawo shi ne a fara koya ma yaro karatu da rubutu da lissafi cikin harshen da ya sha a nono, a koya ma manya su ma, a kuma haɗa makaranta da aikin da ƙasa take rayuwa a kansa, a ba kimiyya da sana'a babban wuri. Abin dariya da ban tausayi, da Faransanci ya rubuta wannan, don a lokacin ta nan kaɗai masu mulki za su ji. Amma maganar ba ta faɗi ƙasa banza ba, shi da wasu suka yi ta nanata ta. A 1966 aka yi taro a Bamako aka daidaita baƙaƙen rubuta Hausa da Fulatanci da Tamashek da Zabarmanci da Barbarci. A 1973 aka buɗe ajin gwaji na farko da Hausa a Damagaram, daga baya aka faɗaɗa zuwa sauran harsunan. A 2025 kuma hukumomin Nijar suka mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Takarda ke nan. Ko yaron ruga zai sami malamin da zai fara masa da Fulatanci ko Tamashek, da littafi a hannu, da lokacin karatu da ya san akwai tafiyar damina, wannan ku kuka fi ni sanin inda aka kwana.

Yanzu sai rana. A 1969 ya dawo Nijar aka ba shi ragamar ofishin ƙarfin rana na ƙasa, ONERSOL, ya riƙe shi har 1985. Tunaninsa mai sauƙin faɗi ne. Ƙasar da ba ta da teku, a wancan lokaci man da take ƙonawa daga nesa ake kawo shi da tsada, itacen da mata suke girki da shi yana ƙarewa, amma abin da muke kuka da shi kullum, wato rana, kyauta yake zubowa. In rana ta take tsaka, sama ba gajimare, kowane fili mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya yana samun ƙarfin da ya kai wat 1000. Ku ƙidaya fatun shanu nawa za a shimfiɗa daga nan zuwa Agadas.

Kayan da suka ƙera a Yamai, in kun gan su za ku ce ai wannan mun san shi. Na'urar dafa ruwa: akwati ne marar zurfi, cikinsa baƙin ƙarfe da bututu, bisa an rufe da gilashi. Baƙin yana shan haske ya zama zafi, gilashin yana hana zafin gudu, ruwan da ya yi zafi kuma ya fi mai sanyi rashin nauyi, sai ya hau da kansa zuwa tanki, mai sanyi ya sauko ya maye gurbinsa. Ba inji, ba mai, ba ƙara. Na'urar tace ruwa: a zuba ruwa mai gishiri ko kanwa a baƙin faranti ƙarƙashin gilashi mai gangara, rana ta tayar da tururi, tururin ya taru jikin gilashin ya gangaro ɗigo ɗigo, gishirin ya zauna a ƙasa. Akwai na busar da kayan abinci ba tare da ƙuda da ƙura ba. Akwai murhu mai madubi kamar babbar ƙwarya, wanda yake tattara hasken wuri ɗaya ƙarƙashin tukunya. Sun kuma yi aiki a kan injin da zafin rana yake juyawa, don a ja ruwa da shi. Duk wannan ana yin shi ne cikin shekarun da farin 1973 da 1974 da na 1984 suka share garkuna, shekarun da dattawan da ke zaune nan ba sa son a tuna musu.

Zan faɗi gaskiya, don yabon da ba gaskiya a cikinsa ba ya yi ma mamaci amfani. Kayan nan ba su kai ruga ba. Ƙarfe da gilashi da jan ƙarfe duk daga waje ake sayo su, kuɗinsu ya fi ƙarfin talaka, mafi yawan na'urorin dafa ruwan a manyan gidaje da ma'aikatu na birni suka tsaya. Murhun madubi kuma yana so mace ta tsaya cikin rana tsaka tana girki, alhali tuwon dare da magariba ake tuƙa shi. Sa'an nan duniya ta bi wata hanya dabam. Shi ƙarfin aikinsa yana wajen mai da haske zafi. Abin da ya cika kasuwanninmu yau kuwa farantai ne masu mai da haske wutar lantarki kai tsaye, waɗanda kuɗinsu ya faɗi warwas tun da masana'antun Sin suka shiga yin su. Amma abin da ya gani tun ana yi ma masu maganar rana kallon masu mafarki, shi ne ya tabbata. An buɗe tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 a 2018, aka buɗe ta Goru Banda kusa da Yamai mai megawat 30 a 2023, shekarar da Nijeriya ta yanke ma Nijar wuta, birane suka kwana cikin duhu, kowa ya tuna da rana.

Ku ma kun gan ta a wajenku. Ƙaramin farantin da ake ɗaurawa bisa jaki ana cajin salula, da shi ake jin farashin kasuwa kafin a kora dabba. Ga kuma rijiyoyin burtsatse da suka bar gazuwal suka koma hasken rana. Wanda ya taɓa kwana a layin rijiya mai gaba 40, raƙumi yana jan wasaki yana dawowa tun asuba har hannu ya tsage, ya san bambancin. Famfon rana yana da wani hali mai kyau: lokacin da ya fi ƙarfi shi ne tsakar ranar bazara, daidai lokacin da shanu suka fi ƙishi. Da dare yana barci, shi ya sa ake gina masa babban tanki a sama. Ba na manta cewa ruwa ba ya haifar da ciyawa, kuma inda ruwa ya zauna dindindin ƙafa takan cinye makiyaya, an ga haka tun tashoshin famfo na shekarun 1960 a arewa. Wannan magana ce ta wata rana.

Na ce rabin littafinsa ƙararku ce. Ɗaya rabin kuwa tambaya ce gare ku, kuma ga yadda ni nake jin ta. Ranar da famfon nan ya tsaya, wa yake gyara shi? Sau da yawa abin da ya kashe shi ƙaramin abu ne: ƙurar hunturu ta rufe farantai ba a share ba, ko waya ta kwance, ko akwatin da ke sarrafa wutar ya ƙone. Sai a buga salula birni, a haɗa kuɗin mota, a jira kwana uku ko mako, garke yana zagaya busasshen komi yana kuka. Wanda zai zo ɗan wani ne da aka bari ya zauna gaban mushe. Haka wajen allurar dabbobi, haka wajen takardar ƙetare iyaka, haka ranar da aka kira ku gaban hukuma a kan burtali aka shimfiɗa taswira bisa tebur. Ban zo in ce ku kwashe yara duka ku kai lakwal garke ya watse ba, na san ba mai yi, ni ma da nake ɗan bafatake ba zan faɗi haka ba. Mahaifina yana da gaskiya cewa lakwal ɗin da aka kai ni an yi ta ne don ta raba ni da shi. Sai dai shi ma, da ya tsufa, ni yake kira in karanta masa takardun kwastan.

Ƙarshen aikinsa a jami'a ya yi shi. An kafa ta a 1971 a matsayin cibiyar ilimi mai zurfi, ta zama jami'ar Yamai a 1973. Ya koyar da fizik a cikinta, aka naɗa shi shugabanta a 1979, ya yi ƴan shekaru a kujerar, ya sauka ya ci gaba da shiga aji kamar kowane malami. Allah ya yi masa rasuwa a Yamai ran 7 ga Afrilu 1991, yana da shekara 61, wata uku da ƴan kwanaki kafin a buɗe babban taron ƙasa na wannan shekara. A 1992 aka sa ma jami'ar sunansa. A Kirtashi aka rufe shi, saboda haka mutanen yamma sun sami kabari, mu mutanen Tasawa muka tsira da cibiya.

Allah ya ji ƙansa, ya ji ƙan iyayenmu da malamanmu, na allo da na lakwal da na bayan garke. Na ga inuwa ta fara matsawa daga inda iyayenmu mata suke zaune, kuma an ce akwai masu tambaya. Wanda zai yi da Fulatanci ya yi, akwai mai juya mini.